Faya-fayan fim ɗin Baba da mai shagon Sabon Gari da ya juye min su a filash

Bara kafin damina muka kira kafinta ya canza mana kwanon rufin ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, a gidanmu na Tudun Wadar Zariya. Yana hawa sama sai ya leƙo yace akwai wata adaka a cikin silin, a sauko da ita? Duk mun san da zamanta, tun muna yara muke jin ana cewa kayan majigin Baba suna sama, amma ba wanda ya taɓa bi ta kanta. Da aka buɗe sai ga 'yan kwalaye masu ruwan ɗorawa an rubuta Kodak a jiki, kowanne bai wuce tafin hannu ba, guda 23, da manyan faya-fayai guda 3 cikin gwangwanayen ƙarfe masu faɗi kamar faranti, ga kyamarar, ga majigin kansa a naɗe cikin tsohon bargo, har da ambulan masu kan sarkin Ingila. Wasu kwalayen Baba ya rubuta musu abu da biro, Sallah, Suna, Samaru, Kaduna, yawanci kuma ba komai a jiki.

Abun da ya sa nake wannan rubutun shi ne na tabbata ba gidanmu kaɗai ba ne. A Zariya, gidajen tsofaffin ma'aikatan ABU da na reluwe da malaman Barewa da waɗanda aka tura kwas Ingila, irin kayan nan suna nan jibge a silin ko ƙarƙashin gado zafi yana cinsu, kuma mutane da yawa sun ɗauka sai an kai Legas ko Abuja kafin a iya fito da abun da ke ciki. Ni a Sabon Gari aka min, kuma zan faɗi yadda aikin ya kasance, mai daɗi da marar daɗi.

Na Baba duk irin fim ɗin da ake cewa Super 8 ne, wanda Kodak ta fito da shi a 1965, kafin shi akwai 8mm na asali tun 1932. Faɗin zaren milimita 8 ne kacal, idan ka ɗaga shi a haske za ka ga hotuna 'yan mitsi-mitsi a jere da huji-huji a gefe ɗaya. Ƙaramin faifai tsawonsa ƙafa 50, kallonsa kuma minti 3 da sakan 20, shi kenan ya ƙare. Kuma ba irin yanzu ba ne da kake ɗauka kana kallo nan take, yawancin na Baba Kodachrome ne, wani irin fim mai kala na Kodak, shi kuma ba kowane mai wankin hoto ke iya wanke shi ba, sai ka saka a ambulan ka kai gidan waya a tafi da shi Ingila a wanko a dawo maka da shi bayan makonni. Shi ya sa za ka ga Baba ba ya ɓarnar fim, kowane ɗauka sakan biyar ne ko shida ya tsaya, mutum ya san minti uku gare shi kuma kuɗi ne.

Kuskuren farko ni na yi shi, kuma har yau yana min ciwo. Ɗoki ya ɗebe ni na jona majigin Baba a wuta, fitila ta kama, na ce Alhamdulillahi, na zura faifai ɗaya wanda aka rubuta Samaru. Bai yi sakan goma ba ya tsaya cak, ashe bel ɗin roba na ciki ya riga ya mutu, fim ya tsaya a gaban fitila, ina kallo a bango hoton ya yi ƙuraje ya buɗe rami ya narke. Kafin in zare soket ya tauna min wajen kamu ɗaya. Garin neman gira na kusa rasa ido. Dan Allah wanda duk ya samu irin kayan nan kar ya kunna tsohon majigi da su, injin da ya yi shekara arba'in a ajiye ba abun gwaji ba ne da fim ɗin da ba shi da na biyu a duniya.

Daga nan wani ya haɗa ni da wani yaro da yace yana yi, da na je na ga yadda yake yi sai na tattaro kayana. Haska fim ɗin yake yi a farin bango ya kafa waya tana ɗauka. Ya nuna min wanda ya yi ma wasu, tsakiya fari fat gefe duhu, hoton yana ƙyaftawa kamar fitilar da ke shirin mutuwa, ga shi dai majigi ne zai ja fim ɗin, wato abun da ya faru da ni zai iya sake faruwa.

Wani tsohon mai ɗaukar bidiyon biki ne ya kwatanta min shagon da na ƙare a ciki. Yana Sabon Gari cikin layin masu gyaran rediyo da talabijin, ɗan shago ne ƙarami ba wani allo babba, duk wanda ya tambayi tsofaffin masu bidiyo na wajen za su nuna mishi. Mai shagon dattijo ne da furfura, da can hoto yake ɗauka yana wankewa kafin waya ta kashe kasuwar, yanzu juye tsofaffin kaset da fim yake yi shi da wani yaronsa mai kula da kwamfuta. Na ajiye adakar a gabansa na fara bayani, bai ce min komai ba, ya sa safar hannu fara ya ɗauki kwalin farko ya buɗe ya kai hanci. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana sunsunawa yana jerawa a kan tebur, sai na ga ya ware guda biyu ya kai can gefe kusa da ƙofa.

Yace, "Malam, zo ka ji wannan."

Na sunsuna, wani tsami ya daki hancina kamar binega.

Yace, "Waɗannan biyun sun fara ruɓewa. A ina aka ajiye su?"

Na ce a silin.

Ya girgiza kai yace, "Allah ne ya tsare sauran. Zan gwada, amma ban maka alkawari a kansu ba."

A nan na samu natsuwa da shi, dan mutumin da zai faɗa maka abun da ba zai yiwu ba kafin ya karɓi kuɗinka ba kullum ake samu ba. Ya min bayani, daga baya ma na bincika na ga haka ne, cewa jikin fim ɗin da wani abu ake yi mai suna asitet, idan zafi da laima suka daɗe suna dukansa sai ya fara sakin asid, shi ne warin tsamin nan, daga nan ya ƙanƙance ya lanƙwashe ya bushe har ya riƙa karyewa, kuma idan ya fara ba ya komawa, sai dai a rage mishi gudu ta hanyar ajiya a wuri mai sanyi marar laima. Mafi muni kuma warin yana harbin na kusa da shi, kamar ruɓaɓɓen tumatir a kwando. To ka duba silin ɗin gidan kwano a Zariya a watan Maris da Afirilu, sannan ga laimar Agusta, shekara da shekaru. Ni dai har yanzu mamaki nake da biyu kawai suka tafi.

Af, akwai maganar da Kawu ya tayar lokacin da aka sauko da adakar, wai a fitar da su daga gida dan fim yana kamawa da wuta da kansa. Gaskiya ne akwai irin wannan, amma tsohon fim ɗin gidajen silima ne mai faɗin milimita 35 da ake yi da naitiret har zuwa farkon shekarun 1950. Na gida irin 8mm da Super 8 ba da shi aka yi su ba, kar tsoro ya sa wani ya zubar da nasa.

Yadda yake aikin na zauna na gani da idona har sau biyu. Da farko yana warware faifan a hankali da hannu daga wannan gwangwani zuwa wancan yana duba inda ya tsinke ko hujin gefe ya yage, yana goge shi da ƙyalle mai laushi da wani ruwan goge fim na musamman, yace kar in kuskura in sa ruwan famfo. Manyan guda ukun sun fi ba shi wahala saboda Baba ƙanana takwas-takwas ya jona ya yi kowanne, ƙafa 400 kenan, kuma gam ɗin jonin ya bushe, da an ja sai ya rabu. Kowane joni sai da ya sake shi da wani siririn salatif na fim, ba irin na kanti ba, yace na kanti yana narkewa ya bar danƙo. Har inda na ƙona ya yanke ya haɗe min, bai min faɗa ba, cewa kawai ya yi kusan duk wanda ya zo sai ya gwada majigi tukuna.

Sannan ya ɗora a na'urar. Ita ba majigi ba ce, ba ta da fitila mai zafi, ɗan haske ne mai sanyi a ƙasa da 'yar kyamara a sama, tana jan fim ɗin hoto ɗaya ta tsaya ta ɗauka ta ja na gaba, ƙas ƙas ƙas, kamar hoto biyu a sakan, tana zubawa a memori. Ƙaramin faifai hoto 3,600 ne a ciki, lissafa ka gani, rabin awa kenan dan a samu kallon minti uku. Babba ɗaya awa huɗu. Kuma ba a tafiya a bar ta, yana zaune a gefe da ɗan famfon iska na roba yana hure ƙura, dan gashi ɗaya idan ya maƙale a bakin gilashin zai fito a bidiyon kamar igiya daga farko har ƙarshe, sai an sake. Yana da sola da inbata, ko an ɗauke wuta na'urar ba ta tsayawa, wannan ma abun tambaya ne kafin ka ba kowa aikinka.

Kuɗi kuwa da girman faifai yake yi, ƙarami da kuɗinsa babba da kuɗinsa, gyaran joni da gogewa suna ciki, filash kai za ka kawo naka. Ba zan rubuta lamba ba dan farashin komai yanzu ba ya kwana biyu a wuri ɗaya, amma a lokacin ƙaramin faifai ya tasar min kamar kuɗin tiya biyu ta shinkafa. Da ka tara guda 26 kuɗi ne masu kauri, mu haɗawa muka yi ni da 'yan uwana. Na ba da rabi, sauran bayan an gama. Biyun da suka lalace bai caje ni ba, duk da ya ɓata yini a kansu ya ceto min kamar sakan arba'in daga ɗaya, yana rawa yana shiga yana fita amma ana gane gonar gwaji ce a Samaru da mutane cikin auduga. Ɗayan kam ya manne ya zama dunƙule, ko warwaruwa bai yi ba, kuma ba rubutu a kwalinsa.

To yanzu inda raina ya ɓaci.

Sati biyu yace min. Sai da aka yi sati shida. Na fahimci aikin yana cin lokaci, ni da kaina na yi lissafin awannin, amma da ya ce min wata ɗaya da rabi tun farko da ban yi ta zarya daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari ba ana ce min jibi, jibi. Kuma ba ya kira, kai za ka kira.

Na biyu ya fi min zafi. Ranar da na karɓo na sa a kwamfuta sai na ji kiɗa yana tashi, wani sanyin fiyano, kuma a kusurwar hoton ga sunan shago da lambar waya suna yawo. Fim ɗin Baba ba su da sauti, haka aka ɗauke su, Super 8 mai sauti sai 1973 ya fito kuma ana gane shi da wani siririn layi ruwan ƙasa a gefen zaren, namu ba ko ɗaya mai shi. Yaron ne ya ga shiru ya yi yawa ya ɗora kiɗa dan ya ƙawata. Wallahi ban ji daɗi ba, mutanen da ke cikin hotunan nan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kakannina ne da iyayena, ba tallan shago ba ne kuma ban ce a sa musu kiɗa ba. Na koma na faɗa ma dattijon, a gabana ya kira yaron yace, "Wa ya ce ka sa? Kayan mutane amana ne, cire." Ya ba ni haƙuri sosai. Amma dai da ban duba ba da haka za su tafi wajen dangi. Duk wanda zai kai, ya faɗa tun ranar farko, ba kiɗa, ba tambari, ba rubutu.

Sunayen fayil ɗin ma lambobi ne kawai yadda na'ura ta fitar, ba ka san wanne ne daga wane kwali ba, sai da na zauna na bi su ɗaya-ɗaya. Da na sani da na manna ma kowane kwali lamba kafin in kai, in ce a sa ma fayil ɗin lambar.

Na ƙarshe kuma ba ni na gano shi ba, Hajiya ce. Daren farko da muka jona a talabijin ɗin falo, an nuno Baba yana tahowa daga bakin zaure cikin farar riga, wani ne ya riƙe mishi kyamarar, tana kallo sai tace, "Malam ba ya sauri haka." Mu duk ba mu ga komai ba. Ta sake cewa, "Babanku bai taɓa tafiya haka ba, ko ruwa ake." Washegari na duba tsawon fayil ɗin na ga ƙananan duk minti 3 ne daidai maimakon minti 3 da sakan 20. Ashe kyamarar Baba hoto 18 take ɗauka a sakan, na'urar kuma tana fitar da bidiyon a kan 20 a sakan, sai komai ya ɗan ƙara sauri kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba ya kamawa sai idon wadda ta yi shekara arba'in tana kallon tafiyar mutum. Na koma karo na uku, yaron ya rage gudun a kwamfuta ya dawo 18, ba su karɓi ko sisi ba. Dattijon yace yawanci ba wanda ke lura shi ya sa suke barinsa haka. To ni dai ina ganin bai kamata a jira sai an lura ba.

Kyan hoton fa? Gani ya kori ji. Waɗanda aka ɗauka a waje da rana a Kodachrome kalarsu tana nan kamar jiya aka wanke, jan rawanin dogarai ja ne sosai, shuɗin sama shuɗi, koren dawa kore. An san fim ɗin da riƙe kala idan yana cikin duhu, Kodak ta daina yin sa a 2009, wurin wankinsa na ƙarshe a Amurka ya daina a ƙarshen 2010. Guda huɗu da ba Kodachrome ba sun koɗe sun koma ja-ja, yaron ya ɗan gyara amma ba su dawo daidai ba. Na cikin ɗaki kuma duhu ne, wannan ba laifin shago ba ne, fim ɗin ne ke son haske. Bidiyon MP4 ne mai girman 1080, a talabijin da waya ya yi kyau ƙwarai, sai dai idan ka matso kusa za ka ga wuraren duhu suna ɗan dusashewa kamar an shafa, na'urar tana matse fayil ɗin da yawa. Na kallon gida ne, ya wadatar, amma wanda ke da abun tarihi da yake so a adana ma ƙasa zai buƙaci injin da ya fi wannan, kuma dattijon da kansa ya faɗa min haka.

Muna da irin wannan ɗin kuwa. Faifai biyu na hawan Sallah ne, ɗaya Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu ne a ƙarƙashin laima, ɗaya kuma Sarki Shehu Idris yana da ƙuruciyarsa, to tunda a 1975 ya hau, kuma ya yi shekara 45 har rasuwarsa a 2020, nan take muka san wanne ya riga wanne. Ga 'yan lifidi, ga hayaƙin 'yan bindiga ya turnuƙe, ga mahaya suna sukuwa suna zuwa jahi a Ƙofar Fada, ba ka jin komai amma sai ka ji kamar kana jin kakaki a kunnenka. Akwai wurin da Baba ya juya kyamara ya ɗauko ganuwa, tsayinta a lokacin ya sa na yi shiru, yaranmu da suka saba ganin guntayen tudu ba su yarda ita ce ba. Wanda aka rubuta Kaduna kuma hawan daba ne na FESTAC, bikin al'adun Afirka na 1977, daga nesa ya ɗauka, dawaki kamar tururuwa. Ina da niyyar kai kwafin waɗannan ukun Arewa House, gidan adana tarihin Arewa da ke Kaduna, idan 'yan uwa sun amince.

Dattijon ya koya min wata dabara ta gane shekarun waɗanda ba rubutu, yace in riƙa duba titi. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afirilu 1972, duk faifan da ka ga motoci suna bin hagu to kafin nan ne. Da wannan na jera kusan rabinsu.

Amma wanda ya biya min kuɗina da zaryata duka shi ne wanda aka rubuta Suna. Sunan Yaya ne, ɗan farin Hajiya. Ya fara da safe a ƙofar gida, maza a kan tabarmi ana raba goro, ga rago a ɗaure, ga wanzami ya buɗe zabirarsa. Sai Baba ya shiga cikin gida da kyamara, mata suka watse ana dariya ana rufe fuska, kakarmu ta wajen uba tana riƙe da jaririn tana nuna shi, can sai ga Hajiya yarinya sharaf ta leƙo daga ɗaki, tana ganin an nufo ta da jaririn ta ja mayafi ta koma ciki da gudu, kunyar ɗan fari. Gwaggo da ke zaune kusa da ita a falo ta tafa hannu tace, "Yau ga amarya!" Hajiya ba ta tanka ba. Kyamara ta wuce ta bi ta bakin murhu, wata mata a zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana tuƙa tuwo a babbar tukunya, ta ɗago ta kalli kyamarar ta goge goshi da bayan hannu ta mayar da kai. Sakan huɗu ne.

Hajiya tace, "Mayar baya."

Na mayar. Tace in sake. Sau uku. Sannan tace, "Inna ce."

Mahaifiyarta ce, ta rasu tun ba a haife ni ba, kuma ba ta da hotonta ko ɗaya, ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Shekara fiye da arba'in Hajiya ba ta ga fuskar uwarta ba. Ba wanda ya iya magana a falon, Gwaggo ce ta fara addu'a muka shafa. A nan ne amfanin ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya ya fito min, dan sakan huɗun nan hoto 72 ne, kowanne a tsaye yake da kansa ba ƙyaftawa. Na koma shagon muka zauna da yaron muna bin su har muka samu wanda ta ɗago kai sosai idonta a buɗe, aka ciro shi aka wanke min a kati. Ba shi da kaifi kamar hoton yanzu, ɗan dishi-dishi ne, amma ita ce. Yana cikin Alƙur'anin Hajiya yanzu. Da a bango aka haska aka ɗauka da waya ba za a samu wannan ba.

Wannan ya kawo ni maganar amana, wadda ni a wajena ta fi kyan hoto muhimmanci. Fim ɗin cikin gida ne, akwai iyayenmu mata ba lulluɓi, akwai abun da ba na idon kowa ba. Kafin in bar kayan na tambaye shi wa zai gani, yace shi da yaronsa. Bayan an gama na ce a goge daga kwamfutarsu da memorin na'urar, aka goge a gabana har kwandon sharar. Ƙorafina ɗaya, fuskar kwamfutar tana kallon ƙofa, duk wanda ya shigo karɓar kaset ɗinsa zai iya ganin abun da ake aiki a kai. Na faɗa mishi, zuwana na ƙarshe na tarar ya juya teburin.

Yana juye kaset ɗin bidiyo ma, VHS da ƙananan na kyamara. Na ba shi na bikin yayata guda biyu, ɗaya ya yi fumfuna fari-fari a ciki sai da ya buɗe ya goge. Shi wannan ba wuya, kaset mai awa uku awa uku yake ɗauka, kuma da sautinsa. Sai dai injinan ne ke ƙarewa, kamfani na ƙarshe da ke ƙera su, Funai na Japan, ya daina a 2016, dattijon da tsofaffi yake ta faci yana cire kayan wannan yana sa ma wancan. Mai kaset ya hanzarta.

Bayan an karɓo kuma kar a bar shi a filash ɗaya, filash yana mutuwa ba sallama kuma jabu sun cika kasuwa. Ni na sa a kwamfutata, na sa a wani hard disk na waje da ke gidan ƙanwata a Samaru, na ɗora a Google Drive tunda suna ba da giga 15 kyauta kuma namu duka bai cika shi ba. Idan za a tura ma dangi ta WhatsApp a tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi ya ɓata duk wahalar da aka sha. Faya-fayan kansu kar a zubar dan an juye, gobe za a iya samun injin da ya fi na yau. Namu suna cikin kabad a ɗakin Hajiya na ƙasa inda rana ba ta bugu, ba a cikin leda ba dan su sha iska, masu tsamin biyu kuma na raba su da sauran suna wani ɗaki daban.

Zan sake kai mishi aiki, har na riga na tura mutum biyu, amma duk na ce musu su rubuta sharuɗɗansu a takarda, gudun hoto 18, ba kiɗa, ba tambari, lambar kwali a kan fayil, kuma su ninka lokacin da ya faɗa sau uku.

Aikin da ya rage yanzu namu ne. Fim ba ya magana, kuma masu sanin fuskokin nan saura ƙalilan. Duk Asabar bayan la'asar Gwaggo tana zuwa, in kunna in tsayar, ita da Hajiya suna faɗa ina rubutawa a littafi, faifai na kaza minti kaza, wane ne, ɗan wane, gidansu a wace unguwa. Wani lokaci su yi gardama a kan mutum ɗaya har a kira magariba. Mun gama goma sha ɗaya. Akwai wani dogon mutum mai jar dara da ya fito a faifai huɗu daban-daban, kullum yana tsaye kusa da Baba, a ɗaya ma shi ke riƙe da Yaya, kuma su biyun duk sun kasa tuna shi. Gwaggo tace in kai ma Kawu a Ƙofar Gayan tunda tare suka yi yawo da Baba a lokacin, idonsa ya yi rauni amma idan aka ƙara girman hoton a talabijin zai gani. Jibi in sha Allahu zan je.